Balbela Ta Ƙi Fensir

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya ƙafar taki, ya jikoki? Ni ce ɗalibarki ta ajin manya, mai zama kusa da taga, wadda take zuwa da 'yar yarinya mai dogayen ƙafafu da babanta yake kira Balbela. Ranar da muka gama kin ce duk wadda ta kira ki a waya ba za ki ɗauka ba, sai dai ta rubuto. To ga shi na rubuto, bayan shekara biyu. Ki yafe mini.

An mayar da maigida tashar tura ruwa, can bayan gari. Gidajen ma'aikata shida ne a jere, huɗu a kulle. Mu ne a na ƙarshe, sai wani dattijo mai gadi a na farko, shi kuma ƙarar inji ta cinye masa kunne. Maigida yana bin bututu yana gyara, sai ya yi sati biyu bai kwana a gida ba. Daga ni sai Balbela sai ƙugin inji. Makaranta mafi kusa sai an hau mota biyu, ta farkon kuma ba kullum take zuwa ba. Shi ya sa nake koya mata a gida.

Karatu ba laifi, tana haɗa baƙi ta karanta. Lissafi ma in an zuba mata marafan kwalba ta fi ni sauri. Rubutu ne ya gagara. Shekararta shida da wata biyar. Baƙaƙenta ba sa zama a kan layi, wani ya hau sama wani ya faɗo ƙasa, kamar inda kaji suka yi tono. Tana danna fensir har takarda ta huje. Yanzu ma ko riƙewa ba ta so. Da na ɗauko littafi sai ta ce fitsari take ji, in ta dawo ta ce hannunta ya yi barci. Jiya cewa ta yi fensirin ne ba shi da lafiya, ta lulluɓe shi da ɗankwalina, ta ce in riƙa magana a hankali.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Yayar maigida ta ce za ta zo ranar goma ga watan gobe ta duba. In ta ga yarinya ba ta iya ba, za ta tafi da ita gidanta cikin gari, ta sa ta makaranta tare da 'ya'yanta. Maigida ya ce abin da Yaya ta yanke shi ke nan. Na ji ta a waya tana ce masa, "Wadda ta koyi riƙe fensir jiya-jiya ita ce za ta koya wa wani?" Ban ji haushi ba, don ba ƙarya ta yi ba.

Ita kaɗai Allah Ya ba ni, Malama. In ta tafi ban san da wa zan yi magana ba.

Direban da yake kawo maganin tace ruwa yana zuwa duk Talata. Shi zai kawo miki wannan, shi zai karɓo amsa.

Ki huta lafiya.
Ɗalibarki, Maman Balbela

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Ƙafa tana nan tana mulkinta, jikoki suna nan suna cinye ni da rai. Na gane ki tun ban kai layi na biyu ba. Wa zai manta da matar da ta cinye magogin fensir huɗu a zango ɗaya?

Na karanta takardarki sau biyu, na ɗaga ta a hasken rana. Babu gogewa, babu kalmar da aka soke ko ɗaya. Ni kuwa na san hannunki. Sau nawa kika kwafe ta kafin ki ba direba? Kuma ina yarinyar take zaune lokacin da kike yi?

Ki gaya mini tsawon lokacin da kike zaunar da ita, ki kuma yago mini shafi ɗaya daga littafinta in gani da idona, tunda har yanzu guda yana aiki.

Kafin nan ki saurara. 'Yar shekara shida yatsunta ba su gama ƙwari ba, rubutunta ba dolensa ne ya zauna a kan layi ba. Ku a ajin manya nakan ba ku shafi biyu a zama ɗaya, don kun zo da hannuwan da suka sha wanki, kuma kuna sauri. Kada ki ɗora mata kayanku. Minti goma ya ishe ta. Ki ba ta gawayi ta yi manya-manya a kan siminti. Ki bar ta ta cuɗa taɓo, ta matse miki ƙananan kayan wanki, duk rubutu ne a wajen yatsu.

Maganar yayar mijinki kuwa, ni na koya miki, in tana da ƙorafi ta zo ta same ni.

Allah Ya raya Balbela.
Malamarki

*

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, Allah Ya ƙara wa ƙafa sauƙi. Takardarki ta iso, na gode ƙwarai.

Sau huɗu na kwafe. Balbela tana zaune a kan tabarma kusa da ni, tana tattara waɗanda na yaga tana yin jirgi da su.

Shafin da kika ce in aiko, ba ni da shi. Kunya ta sa na kwana biyu ban iya rubuta wannan ba. Kullum in ta yi baƙi ya karkace sai in goge in ce ta sake. In ta tashi kuma sai in bi sauran in goge, don kada babanta ya dawo ya gani ya kai wa Yaya labari. Wata huɗu muna aiki a littafin nan, amma in kin buɗe shi fari ne fat, takardar ta yi laushi kamar tsumma. Awa biyu nake zaunar da ita da safe, ɗaya da yamma. Haka na yi wa kaina lokacin da nake ajinki, na zaci haka ake yi.

Ranar Laraba ina yi mata tsifa na ce, "Balbela, me ya sa ba kya son rubutu?"

Ta ce, "Ai ba ya zama."

Na ce, "Kamar yaya ba ya zama?"

Ta ce, "In na yi, in na dawo babu. Ke ma naki yagawa kike yi kina tsaki."

Na ci gaba da tsifa.

Na jefa magogin a bayan katanga, na ba ta gawayi. A simintin gindin tankin ruwa ta yi baƙi guda ɗaya da ya kai tsawon ƙyaure, ta kwanta a cikinsa ta ce ɗakinta ne. Mai gadi ya zo wucewa ya tsaya ya ce, "Wannan injiniyar wane kamfani ce?" Ta yi ta dariya. Rabon da in ji wannan dariyar har na manta. Na buɗe mata sabon littafi, minti goma kamar yadda kika ce. Hannuna yana ƙaiƙayi in na ga wani baƙin, sai in zauna a kansa.

Amma minti goma, Malama, ga kwana tara kawai suka rage. Akwai abin da yake sa ta ɗauki fensir da sauri, shi nake amfani da shi. Nakan ce mata, "In ba ki gyara rubutunki ba Goggo za ta tafi da ke." Da na faɗa sai ta zauna shiru ta yi, har ta ce a ƙara mata layi.

Wannan takardar sau ɗaya na rubuta ta. Ki yi haƙuri da inda na soke.

Na bar ki lafiya.
Maman Balbela

*

'Yata,

Salamu alaikum. Sauri nake yi, direbanku yana ta danna mini oda a ƙofar gida kamar shi ya haife ni.

Wannan takardar taki ta fi ta farko kyau, da soke-sokenta. Gawayi ma ya yi.

Amma maganar nan ta Goggo ki janye ta yau, ba gobe ba. Ki ɗora yarinyar a cinya ki ce mata ke kika yi kuskure, ko ta iya ko ba ta iya ba ke uwarta ce. Ke babba ce, kin san tsoro ne yake sa ki faɗa. Ita ba ta sani ba, duk abin da ya fito daga bakinki haka za ta haɗiye shi. Gara Yaya ta ga shafi uku a karkace.

Kin ji ni ko? Yau.

Malamarki

*

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya da iyali gaba ɗaya. Talata biyu direba yana tambayata ko akwai saƙo ina ce masa babu.

Ban janye maganar ba. Na yi niyya, sai na ga saura kwana biyu, kuma tana aiki. Na ce bari Yaya ta zo ta tafi tukuna.

Yaya ta zo ta kwana biyu. Na miƙa mata littafin. Ta buɗe shafi ɗaya, biyu, ta rufe ta ce, "Ɗana na biyu ma haka yake yi, har gara wannan." Shi ke nan. Duk abin da na yi wata huɗu ina tsoro, ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Na shiga kicin na jingina da bango ina godiya ga Allah.

Da la'asar muna zaune a baranda sai ta taɓa ni ta ce in duba. Balbela ce take bin gidajen nan huɗu da suke kulle. Ta ƙwanƙwasa ƙofa ta ce, "Salamu alaikum, 'yarku za ta fito wasa?" Sai ta sauya murya ta amsa wa kanta, "Tana wanka, ki dawo an jima." Ta ce, "To." Ta wuce ƙofa ta gaba. Kullum haka take yi, ni har na daina gani.

Yaya ta ce, "Maman Balbela, yaushe rabon yarinyar nan da ta yi faɗa da wani yaro?"

Na lissafa a raina, wata goma sha ɗaya.

Ta ce, "Maganar da na yi a kanki na janye, kin yi ƙoƙari. Amma ke da inji da kurman tsohon can ba za ku ishe ta ba."

Da faɗa ta yi mini da na samu bakin ramawa. Maigida ya ce Yaya ta tafi da ita, a gwada zango ɗaya a gani. Ni da kaina na haɗa mata jaka.

Da safe a bakin mota Balbela ba ta yi kuka ba. Ta rungume littafinta a ƙirji, ta ƙi kallona. Na durƙusa na fara yi mata bayani, mai mota yana cewa rana tana yi, Yaya tana cewa in bari kada in sa ta kuka. Ban san abin da ta ji ba.

Yanzu ina gama shara da wuri. Ina dafa abinci ya yi yawa in kai wa mai gadi, in tsaya ina yi masa hira yana gyaɗa kai, na san ba ji yake yi ba. In hantsi ya yi, lokacin da muke zama, sai in rasa inda zan sa kaina.

Ki yafe mini rashin jin magana.
Maman Balbela

*

Malama,

Salamu alaikum, ina gaisuwa. A tsaye nake rubutu, direba yana sauke kaya.

Ya zo mini da takardar Balbela daga gidan Yaya. Yaya ta ce masa ba wanda ya sa yarinyar, kwana uku ta yi tana yi, ta hana kowa gani. Ga abin da ta rubuta:

"Umma ina gaishe ki. Ina da ƙawa biyu. Ɗaya ta cije ni amma mun shirya. Kullum ina yin rubutu. Duba ki gani ya hau layi. In ya isa ki zo ki ɗauke ni."

Ya hau layi, Malama, tun daga farko har ƙarshe.

In na rubuta mata cewa ya isa, za ta ɗauki jaka ta zauna a bakin ƙofa. In na ce bai isa ba kuma, na tabbatar mata da maganar nan da ban janye ba. Wannan ba maganar takarda ba ce. Na kira maigida ya ce in je. Zan bi direba yanzu, in ɗora ta a cinya in gaya mata da bakina cewa ba rubutunta ne ya kai ta can ba, kuma ta zauna da ƙawayenta har zango ya ƙare.

Gobe zan dawo ni kaɗai. Ki yi mini addu'a in iya.

Ɗalibarki