Jinin Gidanmu Ba Ya Tsayawa

Zuwa ga Babban Jami'in Lafiya na ƙasar Daura,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Zango, ba na fita. Duniyata 'yan littattafan hira ne da maigida yake sayo mini in ya kai shanu Kano. A cikinsu, in yarinya ta kwanta ciwo, kafin shafi uku mai magani ya iso. Ƙanwata Rakiya, 'yar shekara goma sha huɗu, wata biyar ke nan tana jinya a ɗakina, ba wanda ya iso.

Na farko, jinin gidanmu ba ya tsayawa. Wanzamin garinmu ya san haka tun zamanin kakarmu, shi ya sa ba ya cire wa 'ya'yanmu beli, ba ya yi mana ƙaho ko da an roƙe shi. Innarmu jinin haihuwa ne ajalinta. Rakiya kuwa tun da ta fara al'ada sai ta kwana goma sha biyu tana zuba. Tafin hannunta ya yi fari fat, in ta miƙe jiri ya kwashe ta.

Na biyu, sau uku gwaggonmu tana kai ta ɗakin shan magani. Malamin wurin namiji ne, ta taga yake tambaya, maza na layi suna ji. Wace budurwa za ta faɗi wannan a nan? Sai ta ce ciwon ciki. Ya ba ta farar ƙwaya, kuma duk sanda ta sha jinin ƙaruwa yake, har da haɓo. Da Gwaggo ta kawo maganar wanzami, ya ce camfi ne.

Na uku, an ce a Kano ana awon jini, amma sai da takardar malamin nan, shi kuwa ciwon ciki ya rubuta. Sabuwar kwaltar arzikin man fetur ta bi ta bayan katangarmu. Muna jin motocin Kano suna wucewa, mu muna ciki.

Roƙona, a ba Rakiya takardar nan. A kuma kawo mace ma'aikaciya da ɗaki mai ƙofa, ta riƙa tambayar 'yan mata yadda jinin iyayensu yake.

Jiya da la'asar ina karanta wa Rakiya littafi, ta ce in ajiye. Ta ƙirga a yatsunta, saura kwana shida watanta ya zagayo.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare 'ya'yanka mata, ya sa wasiƙar nan ta riga kwana shidan isa.

Wassalam.

Taka,
Hadiza, yayar Rakiya