Tsakanin Farin Yashi da Tsibirin Banda

Lahadi, 20 ga Rajab, 1356

Ruwan ƙarshen damina ya yi abin da na farko ya kasa. Jiya bayan la'asar bangon gabas na ɗakina ya zauna, ya janyo rabin rufin tare da shi. Allah ya sa ina zaure ina biya wa matan unguwa karatu. Littattafan mahaifina suna cikin gafaka a bangon yamma, ko ɗigo bai taɓa su ba. Magini ya duba, ya ce ginin duka ya sha ruwa, sai an rushe an sake, kuma ba za a gama ba sai rani ya yi nisa.

Abdulsalami, ɗana na biyu, ya taso daga kasuwar shanu ko ƙafa bai wanke ba. Ya ce, "Iya, ki tattara, an share miki ɗaki a gidana." An share. Wato an gama shawara kafin a tambayi mai ita.

Litinin, 21 ga Rajab

A zaure nake kwana. Ba laifi.

Alhamis, 24 ga Rajab

Ba ni da abin da zan tuhumi Zainaba matarsa da shi, kuma a nan wahalar take. Da mai tsiwa ce da na sami hujja. Tana kawo mini tuwo da kanta, ta durƙusa daga nesa, ta ce, "Iya, Allah ya ƙara sauƙi," sai ka ce ni ce na rushe ba ɗakin ba. Na san yadda zama a can zai kasance. Za a cika mini buta tun ban nema ba. Za a rage murya idan na fito. Za a ce kada Iya ta ɗauki wannan, kada Iya ta sunkuya. Tun da mijina malam ya rasu ban roƙi kowa ya miƙo mini ko allura ba, kuma ban ga dalilin da faɗuwar bango za ta canza wannan ba.

Asabar, 3 ga Sha'aban

Haruna, wanda ke kiwon shanuna, ya shigo Yerwa yau sayen gero. Ya ce da zarar hanya ta bushe, bayan ƙaramar salla, za su gangara tafkin Chadi su ƙetara da dabbobi cikin tsibirai kamar kowace shekara. Yana magana, ni kuwa zuciyata ta riga shi isa. A bakin wannan ruwa aka haife ni. Mahaifina yana bin shanunsa da alluna ɗaure a kan takarkari, a can na fara harafi, a kan yashi, da yatsa.

Na sa shi ya bayyana mini wuraren da suke sauka. Biyu ne. Sunayensu na yaren mutanen tafki ne, harshena bai kama su ba, don haka na raɗa musu nawa.

Na farko na kira shi Farin Yashi. Yana can ciki. Gaɓarsa yashi ne tas, fari kamar gari, ba laka, iska tana kore sauro. Babu kowa sai makiyaya maza da bukkokinsu, domin ba sa kai iyali can.

Na biyu Tsibirin Banda. Yana kusa da garin Baga, ana hango gaɓa daga cikinsa. A nan makiyaya suke barin matansu. Akwai masunta, akwai masu sauke kanwa, akwai mata masu ƙyafe kifi tun safe har yamma. Haruna ya ce hayaƙi yana shiga har cikin tufafin da ke ƙasan akwati, kuma surutu ba ya yankewa.

A raina na riga na zaɓi Farin Yashi.

Lahadi, 4 ga Sha'aban

Na gaya wa Abdulsalami. Ya ce, "Me mutane za su ce da ni a kasuwa? Ga gidana, uwata tana bukka cikin ruwa?" Na ce masa mutane sun faɗi abin da ya fi wannan a kaina lokacin da na ƙi sake aure, ga ni ban mutu ba. Ya ce to in ya zama dole, a kai ni na kusa da Baga, inda akwai mata. Na ce masa ai matan nake gudu.

Ba daidai na faɗa ba. Ba mata nake gudu ba, tausayi nake gudu. Amma ban gyara ba.

Laraba, 7 ga Sha'aban

Na auna abin a natse, kamar yadda ake auna mas'ala. A Farin Yashi akwai ruwa mai tsarki ta kowace fuska, akwai nono daga shanuna na kaina, ba wanda zai ce ya ciyar da ni. Zan bi littattafan mahaifina daga farko, abin da matan unguwa da rigingimunsu suka hana ni shekaru. A Tsibirin Banda kuwa kafin in shimfiɗa buzu za a kawo mini mai ciki, da mai yaye, da wadda mijinta ya yi furuci cikin fushi tana son a gaya mata ko aure ya mutu. Na gaji da zama rijiyar unguwa.

Gwiwata ta hagu tana ciwo. Daga kwanan zaure ne.

Juma'a, 9 ga Sha'aban

Gumsu ta zo. Tun muna amare muke maƙwabtaka, kuma ita kaɗai ce a Yerwa ke yi mini magana kamar ba ni da karatu. Duk macen da ta rasu a unguwar nan, ni ke wanke ta, Gumsu ke zuba ruwa. Haka muke tun kafin furfura.

Ta tarar da Haruna ya zo sallama. Ba ta ko zauna ba ta ce, "Ya Kellu, an ce za ki koma kifi." Na ce gara kifi, shi ba ya gulma. Ta ce, "Kifi ma a garke yake tafiya." Sai ta juya kan Haruna ta ce, "Kai, ɗan nan, in wannan mai taurin kai ta mutu muku a can, wa zai wanke ta? Shanu?"

Haruna ya yi ta mutsu-mutsu. Da ta matsa masa, ya ce an taɓa yi. Bara waccan wata tsohuwa ta biyo jirgin ciyawa, irin kwalekwalen da mutanen tafki ke ɗaurawa da ciyawar ruwa, tana neman ɗanta cikin masunta, zazzaɓi ya kayar da ita a Farin Yashi, ta cika da hantsi. Ba mace a tsibirin, ba muharraminta, iska kuma ta hana jirgi tashi, ga zafi. Sai babbansu ya buga hannu a yashi ya shafa mata fuska da tafuka, suka naɗe ta cikin tufafinta da wani farin ƙyalle, suka yi mata salla suka rufe.

Ya dube ni da tsoro, ya ce, "Malama, mun yi kuskure?" Na ce ba ku yi ba. Haka hukuncin yake: mace in ta mutu cikin maza, ba mace ba muharrami, taimama ake yi mata, fuska da tafuka zuwa wuyan hannu. Na kawo masa nassin da Larabci, na fassara. Ya tafi da sauƙi a ransa.

Gumsu ta ce, "To, tunda halal ne." Ta ɗauki goro a faifaina ba ta tambaya ba.

Asabar, 10 ga Sha'aban

Halal ne. Na koyar da wannan babin sau da yawa, ban taɓa tsayawa a kansa ba.

Talata, 13 ga Sha'aban

Na sa an ɗinka mini sabuwar gafaka mai ninki biyu saboda raɓa. Na ware abin da zan ɗauka: buzu, buta, tawada, likkafanina da na ajiye tun tuni. Abdulsalami ya daina musu. Ya aiko da takarkari mai laushin tafiya in gani. Shirunsa ya fi musunsa nauyi.

Lahadi, 18 ga Sha'aban

Ya Kaltum mai ƙuli-ƙuli ta rasu da safe. Allah ya jiƙanta. Aka aiko mini kamar kullum.

Zan rubuta wannan dalla-dalla domin ban san abin da ya same ni ba.

Mun shiga da Gumsu. Aka kawo ruwa da garin magarya da kafur. Gumsu ta ɗaga tulu, hannunta ya kama rawa, ruwan ya zube a gefe. Ta sake, ya sake zubewa. Ta ce, "Hannun nan ya yi mini tawaye, Ya Kellu." Ta faɗa da dariya, amma ba ta dube ni ba. 'Ya'yan mamaciyar kuka ya hana su amfani. Na leƙa tsakar gida in sami wata, duk suka sunkuyar da kai, sai Zainaba ta miƙe daga cikin masu gaisuwa. Ba ta taɓa shiga wanka ba. Na ce, "Za ki iya?" Ta ce, "In kin nuna mini, Iya."

Gumsu ta riƙe mayafi, Zainaba ta zuba, ni na wanke. Dama kafin hagu. Na ce wa Zainaba ta yi a hankali, kamar mamaciyar mai rai ce, domin ana jin kunyar mamaci fiye da ta mai rai. Ba sai na maimaita ba. Inda hannuna ya nufa, ruwa ya riga ya isa, ba yawa ba kaɗan ba.

Da muka zo kan gashi na tsefe kitson Ya Kaltum. A ƙeyarta akwai tabon ƙuna, na tuna ranar da man suya ya fallatso mata, ni na shafa mata magani. Duk Yerwa babu namijin da ya san da tabon nan, har mijinta ina zato. Na wanke wurin, na raba gashin uku na kitse, na kwantar a bayanta. Gumsu tana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Barbarci, tana ce mata ta yi haƙuri, an kusa.

A nan ne tsohuwar Farin Yashi ta faɗo mini a rai. Ba wanda ya tsefe mata kai. Ta tafi da kitson da ta zo da shi, da ƙurar hanya a ƙafa, da yashi a fuska. Ba wanda ya ce mata an kusa.

Na gama aikina daidai. Ba wanda ya lura da komai.

Litinin, 19 ga Sha'aban

Mamaci ba ya jin ruwa. Allah ba ya tambayar bawa abin da ya fi ƙarfin waɗanda suka binne shi. Na san wannan sarai, zan iya kafa hujja a kansa a gaban kowane malami.

Alhamis, 22 ga Sha'aban

Ban yi karatu da matan unguwa ba yau. Na ce gwiwa.

Na zauna ina tuna waɗanda na wanke, ban iya kai ƙarshensu ba. Ban taɓa ɗaukar aikin a matsayin tausayi da nake yi musu ba. Haƙƙinsu ne, na ba su. To me ya sa idan aka zo kaina nake kiran irinsa tausayi? Ban sami amsar da ta gamsar da ni ba, kuma ba na son wadda na samu.

Asabar, 24 ga Sha'aban

Gumsu ta aiko da kunun gyaɗa. Na sha.

Talata, 27 ga Sha'aban

Na aika wa Haruna da saƙo ta bakin wani mai kai gero: a kafa mini bukka a Tsibirin Banda, can gefe, ta inda iska ke fitowa, nesa da wurin ƙyafe kifi gwargwadon iko. Dalilina a fili yake. Ya fi kusa da Baga, ba doguwar tafiya a jirgin ciyawa, kuma littattafan mahaifina ba za su jure fantsamar ruwa ba. Ban da haka, an ce matan can ba su da mai koya musu ko alwala, kuma ba ya halatta ga wanda ya sani ya ɓuya. Wannan na gaya wa Abdulsalami. Ya buɗe baki zai ce ai shi ya fara kawo shawarar, na dube shi, ya rufe.

Gidansa dai ban shiga ba, kuma ba zan shiga ba. A rubuta wannan.

Gumsu ta ce, "Ashe littattafai ne ke tsoron ruwa." Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Na kira Zainaba da yamma. Unguwa ba za ta zauna ba mai wanka har in dawo, hannun Gumsu kuma ya gama aikinsa. Na ɗauko ƙullin magarya da kafur na damƙa mata, na bi mata babin tun daga niyya har ɗaurin likkafani, ta maimaita ba kuskure. Da ta tashi tafiya sai ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Iya, in wani abu ya taso a can, ki sa a aiko. Ko da kwana nawa ne zan zo."

Na ce mata hanya tana da nisa, ba a jiran mai zuwa daga Yerwa, kuma akwai mata a can.

Sannan na ce ta dawo ta zauna. Na kwance ɗankwalina, na nuna mata yadda nake son a raba gashin, ko da za a tambaye ta. Don ta koya ne kawai.

Hannunta ba shi da nauyi.