Hannun Dama

Litinin, 3 ga Nuwamba
Na gama saƙa jikin suwaitar Baban Fadila da hannun hagu. Saura na dama. Tun da ya faɗi da babur a Ƙofar Kaura ya karye a hannun dama ake cewa ɗorin zai kama. Yau na ga yatsun sun kumbura, sun yi duhu.

Alhamis, 6 ga Nuwamba
Wari. Turare nake ta zubawa a kasko don kada ya gane ina ji.

Asabar, 8 ga Nuwamba
Yaya Abbas, wansa, ya kai shi asibiti da faɗa. Likita ya kwance tsumman, ya duba hannun. Sai cewa ya yi, "Me ya sa sai yanzu?" Wai za su gwada magani, in bai yi ba...
Ba zan rubuta ba.

Talata, 11 ga Nuwamba
A bakin gadonsa na ɗora saƙar hannun dama. In na saƙa sai in ga kamar ina yi wa Allah shisshigi, in na ajiye sai in ga kamar na haƙura da hannun. Na saƙa, na warware, har zaren ya kanannaɗe. Ya ce, "Safiya, bar wahal da kanki." Fuskarsa na bango.

Laraba, 12 ga Nuwamba
Sun yanke. Sama da gwiwar hannu.

Juma'a, 21 ga Nuwamba
Mun dawo gida. Yaya Abbas ke wanke mashi wurin, ni ina fakewa da girki. Tsoro nake in kalla fuskata ta nuna, ya gani. Hajiya Asabe maƙwabciya ta ce in saƙa hannun cikakke a riƙa naɗewa da fil, haka ake yi. Shi kuwa ya ce ba ya son abu na reto a jikinsa.

Lahadi, 30 ga Nuwamba
Sai da awo, ba yadda zan yi. Na ce ya cire mayafin. Na ɗora tafina a wurin. Da ɗumi. Ashe fata ce kawai, tasa.
Na saƙa shi gajere, na bi bakin a hankali da ƙaramar allura, na rufe shi lif, na tura bakin zaren ta ciki don kada ya gogi tabon. Ya sa, ya ce ya ɗan matse.
Gobe zan sake aunawa. Wankin wurin ma na ce wa Yaya Abbas ya bar mani, zuwa daga gidansa a Ƙofar Marusa da nisa.