Inna ta ce karatunta ya zube

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don Allah a sakaya sunana, don a unguwarmu ko tari ka yi an san ɗan gidan wane ne. Wallahi na rubuta saƙon nan na goge, na sake rubutawa na kuma gogewa, har na ce bari in haƙura kawai, wai ƙato da furfura a gemu ya shigo group yana tambayar wace na'ura zai saya kamar ɗan sakandare. Amma abin ya fi ƙarfina, don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗan Yakasai ne, fatauci ya kai ni wurare, Kwatano, Agadas, Jidda, har China na sha zuwa sarin kaya, abokaina tsokanata suke wai filo bai san ƙeyata ba. In atamfa ce ko takalmi, ido rufe zan zaɓa maka mai kyau. To yau ga ni, na'urar karanta littattafai ta gagare ni zaɓa, wannan da ake ce wa e-reader, mai fuska kamar takarda wadda ba ta haska ido irin na waya. Kuma ba ni zan yi amfani da ita ba, mahaifiyata ce.

Inna ta manyanta. Karatun allo ta yi tun tana yarinya, ba hadda gare ta ba, da ido take karatunta. Alƙur'aninta rubutun hannu ne na gado daga mahaifinta, warƙa-warƙa a cikin gafaka, baƙaƙen da baƙar tawada, wasulan da ja. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin azumi ya wuce ba ta sauke ba. Bara idonta ya fara hazo, muka je asibiti, likita ya ce ba irin yanar da ake kankarewa ba ce, sai dai a lallaɓa da magani, ta nemi manyan baƙaƙe, ta kuma rage kallon abu mai haske. Ni kuma ɗan fari ne, Inna 'yar Fulani ce ta gaske, har yau ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" take ce mini, ko a gabana take sai dai ta aiko ƙanwata Uwani da magana. Don haka damuwarta ba ta zuwar mini kai tsaye, sai ta yi nisa nake ji.

Da na dawo daga wata tafiya sai na zo mata da tabulet, ina ta washe baki, na sa mata Alƙur'ani a ciki, na buɗa baƙaƙen suka yi manya-manya, har ina tsokanarta wai yanzu ta zama Hajiya 'yar zamani. Ta karɓa ta yi godiya ta bakin Uwani. Na sake tafiya. Da na dawo sai na tarar Inna ta rame, ta daina fitowa tsakar gida da hantsi inda take shimfiɗa buzunta, tabulet ɗin kuma yana hannun jikoki suna wasan mota. Uwani ce ta ja ni soro ta gaya mini, wai Inna ta gwada karatu kwana da kwanaki, idon yana zubar da ruwa, kuma duk inda ta san harafin fa ne sai ta ga ƙaf, ta koma baya ta sake, ta kuma ganin ƙaf. Ƙarshe ta ajiye ta ce ba ido kaɗai ba ne, kanta ne ya taɓu, karatunta ya zube. Har ta ɗaure gafakar ta ba Uwani, ta ce ta riƙe, ita ta gama da shi.

Na karɓi gafakar na buɗe, na ajiye warƙa ɗaya kusa da tabulet ɗin, jama'a nan take na gane abin da ya faru. Ni Islamiyya na yi, ruwayar Hafsu na sani, shi na sa mata ban ko yi tunani ba. Ita kuwa Warshu ta tashi da shi, a rubutunsu fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ce mai ɗigo ɗaya a sama. A nawa kuma mai ɗigo ɗaya a sama ita ce fa. Wato baiwar Allah daidai take gani, daidai take karantawa, ni ne na kawo mata rubutun da ba nata ba. Na shiga ɗaki na durƙusa na yi mata bayani har da zane a ƙasa, ta saurara ta gama, ta ce uhm, ta juya fuska bango. Na san Inna, ba za ta yarda ba sai ta ga shafinta da idonta ta karanta shi ya tafi daidai.

Shi ne na sa aka ɗauki hoton warƙoƙin nan duka aka haɗa su PDF, saura abin da za a zuba su. A nan muka yi faɗa da Uwani, ita ta ce in daina wahalar da tsohuwa, a saya mata 'yar rediyon nan mai karatu ta riƙa saurara, ni na ce Inna ta sha faɗa cewa kunne daban ido daban, Uwani ta ce ai dama ni in na zo da tsarabata sai in tafi in bar ta da jinya. Ta faɗi gaskiya, shi ya sa abin ya yi mini zafi, yanzu gaisuwa kawai muke.

Ga inda na maƙale, na'urar iri-iri ce. Mai baƙi da fari an ce ta fi fitar da rubutu tas, kuma cajinta yana daɗewa, wanda da yanayin wutarmu ba ƙaramin abu ba ne, amma jan wasalin zai koma toka-toka, kuma Inna da jan nan take gane wasali daga baƙi. Mai kala za ta nuna jan, amma wani ya ce mini fuskarta da ɗan duhu sai an kunna fitilar ciki, ga shi haske aka ce ta rage. Ƙarama ba nauyi, amma shafin ba zai fito da girma ba sai an riƙa ja da yatsa, Inna kuwa yatsunta sun bushe, ko waya ta shafa ba ta jin ta. Babba za ta ɗauki shafi guda, amma ban sani ba ko akwai mai maɓalli na dannawa, kuma ko hannunta zai iya riƙewa. Na zaga kasuwar waya ban sami inda zan taɓa ko ɗaya in gani ba, kowa sai ya miƙo mini tabulet ya ce Alhaji ai duk ɗaya ne.

Akwai abokina da zai taso daga Dubai kafin azumi, ya ce in faɗa masa wadda zai riƙo mini cikin satin nan. Dama ɗaya gare ni. In na sake kawo mata abin da ta kasa karantawa, wallahi na san ba za ta ƙara gwadawa ba har abada, za ta tafi a kan cewa kanta ne. Don girman Allah wanda ya taɓa sa rubutun hannu mai jan wasali a irin na'urar nan, ko yake da tsoho mai matsalar ido, ya gaya mini, mai kala ko mai baƙi da fari, babba ko ƙarama? Ko Uwani ce da gaskiya in haƙura?

Jiya na je gaishe da Inna, na tashi zan fita ina sa takalmi sai na ji muryarta daga ɗaki, ba da ni take ba kamar kullum. "Uwani, tambayi wancan, abin nan nasa zai iso kafin a ga wata, ko in bar miki gafakar?"