Ruwa a Wane Wata?

Asabar, 22 ga Yuli, 2017
An ba mu hutun makaranta, na baro Tambuwal na zo Kebbe. Baba ya ƙara ramewa. Tun rasuwar Inna ya daina magana, abinci ma sai dai ya taɓa. Ga ruwan sama ya ɗauke, geronsa ya fara naɗe ganye. Ina tsoro kada ya bi ta.

Kuma ni 'yar fari ce. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ko ina zaune, ƙanena Almu yake ba saƙo, yanzu kuwa Almu yana Legas. Ta ina zan lallashi mutumin da ke jin kunyata?

Litinin, 24 ga Yuli
Na dama fura. Ƙudaje suka sha.

Laraba, 26 ga Yuli
Bayan la'asar rediyo ya ce masana sun gano alamar ruwa a wata. Baba ya ɗago kai, ya tambayi rediyon, ba ni ba: "Wane wata na? Wanga ko na gobe?"

Dariya ta kusa kuɓuce mini, ga ƙwalla. Shi damina yake jira.

Na rasa yadda zan yi, sai na fuskanci akuyar Inna da ke turke na yi mata darasi. Na ce watan sama ake nufi. Can da daɗewa duwatsu sun yi aman wuta, sun watsa toka mai 'yan ƙwayoyi kamar gilashi, ruwan yana cikinsu. Ba wanda ya haƙa, kumbo ne ya auna hasken da ke dawowa daga wurin.

Baba ya dubi akuya. "Daga nesa sunka gane? Ikon Allah."

Juma'a, 28 ga Yuli
Baba ya ce wa akuya, "Tambayo malamar, ruwan nan ana sha nai?" Yana jiran amsa ya sha rabin kwanon fura. Na yi ta jan bayani har ya shanye. Akuyar nan ta fi 'yan ajina natsuwa.

Lahadi, 30 ga Yuli
An yi yayyafi. Bai kai ko'ina ba.

Talata, 1 ga Agusta
Da hantsi yana cin tuwon ɗumame ya ce, "To su wa za su tafi su ɗebo shi? Ke kin gani da idonki, ko karatu na kawai?"

Na ce karatu ne, Baba. Ya ce in ƙaro masa miya.

Sai da na miƙe na ga igiya ce kaɗai a turke, akuya ta tsinke tun da safe. Kuma turken yana gabansa, ya fi ni ganinsa. Na wuce kicin in ɗebo miyar. Daɗi na ji, irin wanda ban san inda zan ajiye ba.

Ban aiki kowa neman akuyar ba tukuna.