Akwatin Sikaso Ya Zo, Kai Ba Ka Zo Ba

Ya Lasina, sanyin raina, ruwan farkon damina a kan gonar da ta gaji da jira, inuwar mangwaro a tsakar rana!

Shekara uku ke nan ɗakin karatunku na Sikaso da namu na Korogo suna musayar littattafai, kai ke tsallako iyaka da akwatin Mali, ka koma da na ƙasarmu. Ka tuna zuwanka na farko? Ka dire akwati kana haki, ka ce, "Ku 'yan Korogo kuna karatu kuwa, ko hotuna kuke kallo?" Na ce in dai littattafanku sun yi kama da dankalinku, za mu daure. Ranar ka karanta wa yaranmu tatsuniyoyin Bambara har suka ƙi tashi, ni kuwa ina bayan kanta ina buga hatimi a inda bai kamata ba.

Jiya akwati ya iso, direba ne kaɗai ya shigo da shi. Ya miƙo mini wasiƙarka, amma rubutun ba naka ba ne. Wai likita ya ce hasken idonka yana tafiya, ba zai dawo ba. Wai ka janye maganar aurenmu, kada in ƙare kuruciyata ina yi maka jagora. Wayyo Lasina! Na zauna a kan akwatin nan na yi kuka har masu karatu suka fita ɗaya bayan ɗaya.

Wa ya ba ka izinin yanke mini hukunci? Idonka na so, ko kai? Kogin Bagowe yana daina gudu don hazo ya rufe shi? Ashe wata takwas kana ɓoye mini, kana riƙe littafi kana karanto abin da ka haddace, ni ina murmushi ban sani ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ina da ido biyu, sun ishe mu. Ranar Alhamis ni zan rako akwatinmu, shugabarmu ta amince. In ka rufe ƙofa, zan shimfiɗa zanena a zauren gidanku in zauna, har Innarka ta ji kunyar maƙwabta ta shigar da ni.

Kai kuma mai karanta masa wannan, don Allah kada ka tsallake ko kalma ɗaya.

Taka, a haske ko a duhu, har ranar da za a mai da ni ƙasa,
Masanje Siluwe