Koren da Tauraronku Ya Hango a Kakuri Namu Ne

Zuwa ga Mai Girma Daraktan shirin kare ciyayi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka ban gajiyar zuwa unguwarmu. Ni ce tsohuwar da ta tsaya kusa da motarka da lauje a hannu, direbanka yana ta harara. Sunana Gwaggo Ladi, matar marigayi Malam Tanimu, wanda ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta. Na kalle ka da kyau, Yallaɓai, ba ka wuce sa'an jikana ba. Jika kuwa mijin kaka ne, don haka gyara zama, yau za ka sha faɗan mata.

A ƙofar gidan mai unguwa ka nuna mana hotuna biyu na filin bayan masaƙa, ka ce tauraron ɗan'adam ne ya ɗauko su daga sama. Na shekarun baya, fili tal kamar kan ungulu. Na bana, kore shar. Ka ce ruwan sama ne ya ƙaru, mutane kuma suka rage shiga, sai ƙasa ta farfaɗo da kanta. Saboda haka za a kewaye shi da waya kafin rani, a hana kowa shiga. Aka tafa maka. Ni ban tafa ba, ga dalilaina.

Na ɗaya. Ban ƙaryata tauraro ba. Kore ya gani, kore ne. Har daɗi na ji, ashe bayan Allah akwai mai kallon wahalata daga sama. Amma tun da nake ban taɓa ganin ruwan sama ya sauko da irin zogale ƙulle a bakin zani ba. Lokacin da aka sallami mazajenmu, filin nan bola ce, awaki ma sai sun toshe hanci. Ni da maƙwabciyata Mama Nkechi muka kwashe kwalabe da leda, muka zuba takin tumaki. Ta kafa ugu, ganyen miyar garinsu, na dasa zogale da rama da gwanda. Da rani ruwan wanke-wanke muke jida a bokiti. Matan unguwar Makera suka gani, suka biyo mu. A nan muke samun miya, a nan marayun ɗana uku suke ci.

Na biyu. Ciyawar da kake so ta huta, mu muke yanke ta wa dabbobi tun tana ɗanya, mu share gefen fili ƙal. Ka san dalili? Masu farautar gafiya. Da zarar ciyawa ta bushe sai su cinna mata wuta, kuma ashana ba ta jin tsoron waya. Ka kore mu, ciyawa ta kai ƙirji, rana ɗaya ta ishe su.

Na uku, wannan ƙorafin mace ne ga mijinta. Ka aiko tauraro yana leƙena shekara da shekaru, ba sallama, ba goro. Da ka tashi zuwa da kanka kuma, ko sannu ba ka ce mini ba. Mama Nkechi ta ɗaga hannu za ta yi magana, aka ce lokaci ya ƙure. Ta ce a gaya maka, ita ugunta bai san an yi taro ba, gobe ma ruwa yake jira.

Ga abin da nake roƙo. A bar mana hanyar shiga. Idan dole sai an kafa waya, a yi mata ƙofa, makulli ya zauna a hannun matan da suka raya wurin. A kuma gyara bayanin nan, a ce ruwa ya taimaka, amma akwai hannu.

In kuwa ka ƙi, ka sani ba zan daina zuwa ba. Na tsufa da tsallake waya, amma ban tsufa da rarrafe ba. Gobe da hantsi zan shimfiɗa jan zanena na fita biki a tsakiyar zogale, in zauna a kai. Ka gaya wa na saman ya duba da kyau, kada ya ce ni ma ruwan sama ne ya tsiro da ni.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka kunne kamar yadda ya ba ka ido. Ranar da ka shirya, ka zo ka ci kwaɗon zogale, ba zan kai ƙararka wajen uwarka ba.

Wassalam.

Matarka ta wasa,
Gwaggo Ladi, Kakuri.